Yadda ake gina mahaɗar layin dogo da ba ta cushewa a wasan OpenTTD

Mai jirgi biyu ko uku a OpenTTD ba shi da matsalar mahaɗa. Ya haɗa layuka yadda ya ga dama, kuɗi na shigowa. Rigima tana farawa ne ranar da ma'adinan kwal huɗu suka koma tura kaya tashar lantarki ɗaya, jirage ashirin suna bin hanya guda, sai ka ga layi ya yi ja tun daga mararraba har bakin tasha. Da yawa a nan sukan ruga su ƙara layi na uku da na huɗu, cinkoson kuwa yana nan daram, domin ba faɗin hanya ne ya gaza ba. Abin da ke kashe mahaɗa shi ne jirgi ya tsaya a inda wutsiyarsa ta tare wa wani hanya. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke magancewa.

Ga wanda bai san wasan sosai ba: OpenTTD wasan kwamfuta ne na tafiyar da kamfanin sufuri, kyauta ne, an gina shi ne a kan tsarin Transport Tycoon Deluxe na Chris Sawyer wanda ya fito a 1995, kuma ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa ba tare da haki ba. Taswirarsa a yanke take murabba'i-murabba'i, kowane ɗaya zan kira shi gurbi. A karkace taswirar take a allo, amma don sauƙi zan riƙa cewa arewa, kudu, gabas, yamma kamar a miƙe take.

Mataki na farko: yanke tsawon jirgi kafin ka aza ƙarfe ko ɗaya

Zaɓi tsawon jirgi mafi tsayi da zai bi hanyarka, ka tsaya a kansa. Tarago ɗaya yakan ci rabin gurbi, don haka jirgi mai gurbi 5 yana da abubuwa 10 har da kan jirgin. Iyakar da wasan ke zuwa da ita gurbi 7 ce, ana iya ɗaga ta a saituna. Ni dai shawarata ga mai koyo ita ce gurbi 5. Yana ɗaukar kaya daidai gwargwado, kuma mahaɗarsa ba ta cin rabin gari. Wannan adadin shi ne ma'auninka daga yanzu: wurin jira, tazarar kwana, nisan mahaɗa da tasha, duk da shi za ka auna. In ka bar jirgi ɗaya mai gurbi 9 ya shigo hanyar da aka auna da 5, shi kaɗai ya isa ya ɓata komai.

Sai ka shiga saituna ka taɓa abu uku. Ka hana jirage yin kwana mai digiri 90. Ka tabbata tsarin gudu na haƙiƙa ne a kunne, wanda ke lissafa nauyi da ƙarfin inji. Sannan ka kunna nuna hanyar da jirgi ya kama wa kansa, wadda ke sa layin da ke gaban jirgi ya yi duhu. Wannan na ukun da shi za ka gane laifin mahaɗarka nan gaba.

Ka kuma zaɓi hannu, dama ko hagu, ka riƙe shi a duk taswirar. A misalin nan jirage suna bin hannun dama.

Mataki na biyu: fahimci inda ake dasa sigina

A nan ya kamata a zauna, domin mafi yawan mahaɗun da suka lalace ƙarfensu lafiya lau yake, sigina ce aka dasa ba a muhallinta ba.

Sigina iri shida ne a jeren da ke fitowa in ka danna S. Huɗun farko na tsohon tsari ne: ta yanki, ta shiga, ta fita, da mai haɗa aikin shiga da fita. Biyun ƙarshe su ne siginonin hanya, waɗanda suka shigo wasan a sigar 0.7 a 2009. A sababbin sigogi ma waɗannan biyun kawai za ka fara gani, sai ka nemi sauran a saituna. Siginar yanki ba ta da wayo: muddin akwai jirgi a ko'ina cikin yankin da ke gabanta, ja za ta nuna, ko da hanyoyinsu ba za su gamu ba. Siginar hanya kuwa tana bari jirgi ya kama wa kansa layi daga inda yake har zuwa wurin tsayawa na gaba, in babu wanda ya riga shi. Saboda haka jirage biyu za su iya ratsa mahaɗa ɗaya lokaci guda, in dai ba su haɗa ƙarfe ba. Ta ƙarshe a jeren ita ce mai hanya ɗaya, ba a wuce ta ta baya. Da ita za ka yi kusan duk aikinka.

Ƙa'idar ɗaya ce: sigina wurin tsayawa ce. Kafin ka dasa ta, ka ɗauka jirginka mafi tsayi ya tsaya da hancinsa a gindinta, ka ƙirga baya gurbi 5. In a cikin gurabun nan biyar akwai mararraba ko gicciye, cire siginar, ba wurinta ba ne. Wannan yana nufin ana sa sigina dab da ƙofar shiga mahaɗa, amma bayan an fita ba a sa ta nan take. Sai ka bar fili mai tsawon jirgi guda cur, sannan sigina. Masu koyo suna yin akasin haka, su dasa sigina gurbi ɗaya bayan mararraba don a ganinsu hakan zai saki mahaɗar da wuri. Ranar da layin gaba ya cika, jirgi zai tsaya a wannan siginar da taragunsa kwance a kan gicciye, na gabas ya jira na kudu, na kudu ya jira na arewa, na arewa ya jira na gabas. Shi ke nan an kulle, ba mai motsi sai ka sa hannu.

A miƙaƙƙen layi kuwa, ka sa tazara iri ɗaya ko'ina. Wasan yana zuwa da tazarar gurbi 4. In ka riƙe Ctrl ka ja siginar, za ta jeru da kanta har zuwa mararraba ta gaba.

Mataki na uku: zana motsin jirage kafin gini

Mu ɗauki babban layi mai ƙarfe biyu daga kudu zuwa arewa, da reshe mai ƙarfe biyu da ya nufi gabas. Da yake hannun dama ake bi, mai zuwa arewa yana ƙarfen gabas, mai zuwa kudu yana na yamma. A reshen, mai fita gabas yana ƙarfen kudu, mai dawowa yana na arewa.

Motsi shida ne ke nan. Biyu na masu wucewa kai tsaye. Biyu masu sauƙi: daga kudu zuwa gabas, da daga gabas zuwa arewa, duka juyawa dama ce, ba sa tsallake kowa. Biyun da suka rage su ne masu ciwon kai: daga arewa zuwa gabas, da daga gabas zuwa kudu. Kowannensu sai ya tsallake ƙarfen masu zuwa arewa, kuma su biyun ma sai sun gitta juna. Gicciye uku ke nan. In reshen jirgi biyu ko uku ne kawai ke bi, ka bar su a shimfiɗe a ƙasa, ka sa siginar hanya a ƙofofin uku, ka tafi abinka. Ba kowace mahaɗa ce ta cancanci gada ba, musamman a shekarun farko na wasan da kuɗin hannunka bashi ne. Amma in babban layi ya fara cika, gicciyen nan uku dole su tashi daga ƙasa.

Mataki na huɗu: rami ɗaya, gada ɗaya

Fara da masu sauƙin. Daga ƙarfen masu zuwa arewa, tun daga can kudu, ka fitar da layi a karkace ya nufi arewa maso gabas ya shiga ƙarfen fita na reshe. Daga ƙarfen dawowa na reshe ka fitar da wani a karkace ya je ya haɗu da masu zuwa arewa, can sama. Lura da jerin: mai barin babban layi ya riga ya fita kafin mai shigowa ya shigo. A kullum haka ake so, rabuwa kafin haɗuwa. In aka juya, ɗan guntun layin da ke tsakani zai ɗauki nauyin jiragen ɓangare biyu a lokaci guda, kuma a nan gosulo ke haihuwa.

Yanzu na gabas zuwa kudu. Bar ƙarfen dawowa na reshe ya ci gaba da miƙewa yamma. Kafin ya iso babban layi, ka sauke ƙasa mataki ɗaya, ka sauke ta daidai haka a yammacin babban layi, kamar gurbi 6 ko 7 daga ƙarfen yamma. Danna T ka haƙa ramin ƙarƙashin ƙasa da zai haɗa wuraren biyu. Bakin rami biyu dole su zama a tsayi ɗaya kuma a layi ɗaya, rami ba ya kwana. In ka riƙe Shift kafin ka danna, wasan zai faɗa maka kuɗin ba tare da ya gina ba. Da layin ya fito a yamma, ka karkata shi kudu, ya yi tafiya, sannan ya dawo ya haɗu da masu zuwa kudu.

Na arewa zuwa gabas kuma, ka fitar da shi daga ƙarfen masu zuwa kudu tun daga sama, ya karkata yamma kaɗan, ya gangaro kudu a gefen babban layi da tazarar gurbi 4 ko 5. Zai bi ta saman ramin da ka haƙa ba tare da ya san da shi ba, gicciye ɗaya ya tafi a kyauta ke nan. Bayan ya wuce ramin sai ya karkata, ya fuskanci gabas, ya hau gada ya tsallake ƙarafan babban layi biyu, ya sauka ya haɗu da mai tahowa daga kudu. Wanda ya fito daga rami yana zagayowa ta bayansa, ba su gamuwa.

Game da zaɓi tsakanin gada da rami, akwai bambanci na gaske. Rami ba shi da iyakar gudu, kuma jirgi yana fara gangarawa ne kafin ya hau, don haka yana tara ƙarfin da zai fita da shi. Gada kuwa hawa ake fara yi, kuma kowace iri da iyakarta: ta katako kilomita 32 kacal a awa. Jirgin farko irin Kirby Paul Tank ma yana yin 64, ka ga gadar katako ta raba gudunsa biyu. Duba iyakar da aka rubuta a jikin kowace gada kafin ka saya, kuma in sababbin gadoji suka fito ka gina sabuwa a kan tsohuwar, za ta maye gurbinta. Jiragen kaya masu nauyi, irin na kwal da tama, su ne suka fi cancantar rami. Kada kuma ka sa sigina dab da gindin hawa. Jirgi mai cike da kwal da ya tsaya cik a gindin tudu, kafin ya ja jiki ya hau, na bayansa uku sun taru.

Ba a dasa sigina a kan gada ko cikin rami a ainihin wasan. Ramin gurbi 10 a layin da siginoninsa ke kowane gurbi 4 ya zama maƙogwaro: jirgi na biyu sai ya jira na farko ya fita gaba ɗaya. In wannan hannun yana da cunkoso, ka haƙa rami na biyu a gefensa, ka raba layin kafin shiga da siginar hanya, ka haɗe su bayan fita. Ka yi ƙoƙari hanyoyin biyu su zama tsawonsu ɗaya, in ba haka ba wanda ya bi doguwa zai fito ya yi karo da lokacin na bayansa.

Mataki na biyar: gyara kwanoni

Kwana tana cin gudu fiye da yadda ido ke nunawa. A layin dogo na yau da kullum, kwana mai digiri 90 tana mayar da jirgi kilomita 61 a awa. Karkata biyu masu digiri 45 a jere, ba komai tsakaninsu, 88. In akwai tazarar tarago biyu, 111. Uku, 132. Huɗu, 151. Biyar, 168. Layin monorel, mai ƙarfe ɗaya, yana samun ƙarin rabi a kan waɗannan, maglef, mai tafiya da maganaɗisu, kuma ninki biyu. Abin lura shi ne lissafin yana aiki ne idan karkata biyu suna ƙarƙashin jirgin a lokaci guda. In tazarar da ke tsakaninsu ta kai tsawon jirgin, babu ragi ko kaɗan. Haka nan karkata ɗaya hagu, ɗaya dama, in ba manne suke da juna ba, ba a cin tararsu.

To a shekarar 1950 ta cikin wasan, lokacin da jiragenka na tururi ne, matsattsiyar kwana ba ta dame ka ba. Amma mahaɗar nan za ta rayu har zamanin jirgin AsiaStar mai kilomita 264 a awa, kuma a lokacin gari ya riga ya kewaye ta, hukumar garin ba za ta bar ka ka rushe gidaje yadda kake so ba. Ka ba kwanoninka fili tun ƙasa tana arha. Wanda zai bar babban layi ma, kada ka sa masa kwana mai tsanani nan take. Bari ya fita da gudunsa, wutsiyarsa ta bar babban layi, sannan ya rage.

Mataki na shida: wurin jira da ba wa babban layi fifiko

Kafin kowace haɗuwa, layin da ke shigowa yana buƙatar wurin da jirgi guda zai tsaya cur, gurbi 5 a misalinmu, bayan bakin rami ko gindin gada, ba a kansu ba. In fili ya samu ka yi na jirgi biyu.

Sai batun wa zai fara wucewa. In ka bar su haka, wanda ya riga kama hanya shi ne da ita, ko da jirgin reshe ne da ke tasowa daga tsaye ya shiga gaban wanda ke tafe a guje. Ɗaya ya ci birki, goma na bayansa su ci. Maganin da tsofaffin 'yan wasa ke yi da tsofaffin sigina ake haɗa shi. A kan layin reshe, dab da haɗuwa, ka sa siginar shiga. A kan babban layi, siginar da ke dab da haɗuwa da ɗaya ko biyu na bayanta ka mayar da su masu haɗa shiga da fita, kuma masu fuska biyu. Wadda ta fi nisa a baya ka sa ta zama ta fita, ita ma fuska biyu. Siginar farko bayan haɗuwa ta zama ta yanki zalla. Abin da ke faruwa shi ne siginar reshe tana karanta fuskokin da ke kallon baya, muddin akwai jirgi a wannan tsakanin ja za ta nuna, sai an samu giɓi na gaske ta saki. Kada ka cusa siginar hanya a cikin wannan haɗin, ba sa jituwa. Kada kuma fifikon ya yi tsawo da yawa, in ba haka ba jirgin reshe zai kwana a wurin.

Mataki na bakwai: idan ƙarfe ya zama huɗu

Biyu na zuwa, biyu na dawowa. Jarabar farko ita ce a riƙa sa 'yan gicciye tsakanin ƙarafan da ke tafiya hannu ɗaya don jirage su riƙa sauya layi. Guji wannan. Jirgi zai ga ja a gabansa ya tsallaka ɗaya layin, ya tare na can, na can ma ya tsallako, ƙarfe biyu su koma aikin ƙarfe ɗaya. Ka ɗauki kowane ƙarfe a matsayin layi mai zaman kansa. Kowanne ya samu mafitarsa zuwa reshe: na waje ya fita kai tsaye, na ciki ya fita ta rami ko gada ya tsallake na waje. Don haka ne ake buɗa ƙarafan, a bar gurbi 2 ko 3 tsakaninsu tun kafin a iso mahaɗa.

Wurin zaɓi guda ɗaya ake bayarwa, shi ne wajen shiga. Jirgin da ya taho daga reshe ya tarar da siginar hanya, layi ya rabu biyu, kowane hannu da wurin jiransa da fifikonsa, ɗaya na shiga ƙarfen waje, ɗaya na ciki. Wanda ya samu wuri a ciki nan zai bi, nauyi ya rabu da kansa.

Mahaɗa mai hannu huɗu kuwa, wadda layuka biyu manya suka gitta juna, ina ganin mai koyo ya kauce mata. Wadda aka fi kwaikwaya ita ce mai madaukai huɗu irin ta manyan titunan mota, kyakkyawa a ido, amma a cikinta haɗuwa ke riga rabuwa, ga madaukan da matsattsun kwanoni. Shataletale ya fi ta muni, yana cika ya kulle kansa. Mafi sauƙi ka yi mahaɗa mai hannu uku guda biyu irin wadda muka gina, ɗaya ta gabas, ɗaya ta yamma, da tazarar jirgi uku ko huɗu a tsakaninsu. In masu wucewa daga gabas zuwa yamma suna da yawa, ka ba su nasu ramin su wuce kai tsaye ba tare da sun taɓa babban layi ba.

Mataki na takwas: haɗawa da gwaji

Ajiye wasan tukuna. Gina komai a gefe, har sigina, ka bar guntayen da za su haɗa da layin da ke aiki su zama na ƙarshe. Cire sigina ko ƙarfe a gaban jirgin da ke tafe yana iya jawo karo, karo kuma asarar jirgi biyu ce da zubewar darajar tashoshin da ke kusa. Danna X don gadoji da bishiyoyi su zama garai-garai ka ga abin da ke ƙarƙashinsu.

Sannan ka zauna ka kalla, ka bi duhun da ke gaban kowane jirgi. Inda ka ga jirgi ya tsaya alhali gabansa fili ne, duba ko sigina ce ta juya baya. In saƙo ya zo cewa jirgi ya ɓata, galibi guntun ƙarfe ɗaya ne ya rage ba a haɗa ba, ko kuma, in jirgin na lantarki ne, gurbi ɗaya ne aka shimfiɗa da layin da ba shi da waya. Ɗauki abin sauya nau'in layi ka ja shi a kan mahaɗar gaba ɗaya. In lalacewar jirage a kunne take, ka sa defo, wato wurin gyaran jirage, a wajen mahaɗa, a kan ɗan layin gefe mai tsawon jirgi, domin jirgi yana rage gudu sosai wajen shiga da fita, kuma wanda lokacin gyaransa ya yi yakan bar hanyarsa ya bi reshen da ba nasa ba don neman defo mafi kusa.

Gwaji na ƙarshe ka yi shi da gangan: tsayar da jirgi ɗaya a kan reshe, gaba kaɗan da mahaɗa, ka bar na bayansa su taru. Muddin wuraren jira ba su cika ba, masu wucewa kudu da arewa su ci gaba da tafiyarsu. In ka ga sun tsaya tun jirgi ɗaya ne ko biyu a layi, bi jerin baya har ka kai ga jirgin da taragunsa ke kwance a kan mararraba, ka matsar da siginar da ke gabansa ko ka tsawaita wurin jiransa, sannan ka sake gwadawa.